BABI NA HUƊU: HUKUNTA RUBUTUN BATSA DA MATSALAR HUJJAR CUTARWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ƙagaggun labaran soyayya suka bunƙasa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, da irin muhawarar da suka haddasa tsakanin manazarta. Wannan babi zai dubi lokacin da maganar ta tashi daga shafukan jarida ta koma hannun hukuma, wato lokacin da suka ta rikiɗe ta zama rajista da tacewa da ƙona littattafai. Babu mai gardama a kan cewa batsa abin ƙi ce a wurin Bahaushe, ta fuskar addini da ta al'ada. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Tambayar ita ce, idan gwamnati ta ce ta hukunta rubutu saboda yana cutar da mai karanta shi, wace irin hujja ya kamata ta kawo, kuma wace iri ta kawo? Za a ga cewa dalilai biyu ne mabambanta aka cuɗanya a Kano, dalilin cutarwa da dalilin haramci, kuma cuɗanya su ɗin ne ya sa sandar ta sauka a inda ba nan aka nufa ba.

4.1 Abin da Ya Faru a Kano

Dokar hana cinikin littattafan batsa ba sabuwa ba ce a Arewa. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi hukunci ga mai sayarwa ko mai rarraba littafi ko hoton batsa. Haka kuma Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa a sashe na 39, sa'an nan ya dawo a sashe na 45 ya yarje wa gwamnati ta taƙaita wannan 'yanci saboda wasu dalilai, ciki har da kare ɗabi'un jama'a, muddin dokar da aka yi tana da dalilin da hankali zai karɓa a ƙasar da ake mulkin dimokuraɗiyya. Ke nan ikon yana nan. Sharaɗin da ke biye da shi ne ake yawan mantawa.

A shekarun 1990 faɗan duk na fatar baki ne da alƙalami. Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa waɗannan littattafai suna "Adabin Kasuwar Kano", yana kwatanta su da waɗanda aka yi yayi a kasuwar Anacha, kuma akasarin sukarsa a kan rashin inganci ne da kwaikwayon finafinan Indiya. Abdalla Uba Adamu da Yusuf M. Adamu na daga cikin waɗanda suka tsaya musu. Wannan muhawara ce ta masana, kowa na kawo littafi da shafi. A gefe guda kuma akwai wata suka da ta fi ƙarfi, wadda ke fitowa daga bakin iyaye da malaman makaranta da masu wa'azi, cewa littattafan na gurɓata tarbiyyar 'yan mata.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001. Kamar yadda sunan ya nuna, har littattafai na ƙarƙashinta, sai dai a shekarun farko hankalinta ya fi karkata ga 'yan fim. Abin ya canza a 2007. A watan Mayu na wannan shekara hukumar A Daidaita Sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa domin gyaran halayen jama'a, ta shirya taron ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma gwamnan da kansa ya halarta. Watanni kaɗan bayan haka sai wani hoton bidiyo na tsiraici da ya shafi wata 'yar fim ya bazu ta wayoyin hannu, gari ya ɗauki zafi, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewa. A 2008 hukumar ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita, kuma a duba littafinsa kafin ya shiga kasuwa. Ƙungiyoyin marubuta, ciki har da reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ke shugabanta a lokacin, suka ƙi yarda, har sai da shugabannin ƙungiyar na ƙasa suka shiga tsakani.

Abin lura a nan shi ne, abin da ya tayar da ƙura mafi girma hoto ne, amma marubuta ma sai da ta rufe su. An yi wa hoto da rubutu kuɗin goro, alhali kuwa, kamar yadda za a gani, ba hanya ɗaya suke bi wajen cutarwa ba.

4.2 Wane Rubutu Ne Batsa?

Kafin a tambayi ko batsa na cutarwa, tilas a san abin da ake kira batsa. Ingila ce ya kamata a fara dubawa, domin daga can Nijeriya ta gaji tsarin kotunanta. A 1868, a shari'ar da aka sani da sunan Hicklin, babban alƙali Cockburn ya ajiye ma'aunin da aka yi kusan shekara 90 ana aiki da shi: rubutu ya zama batsa idan zai iya lalata mutumin da zuciyarsa ke da rauni, wanda kuma littafin zai iya faɗawa hannunsa. Da wannan ma'auni ya isa a tsinto shafi ɗaya a yanke wa littafi duka hukunci, kuma ba a bukatar a kawo wanda ya lalace ko da mutum ɗaya. A 1959 majalisar Ingila ta gyara dokar. Ta ce a auna littafi gaba ɗayansa, a duba waɗanda za su karanta shi a zahiri, kuma a bar masana su ba da shaida a kan darajarsa ta adabi. Shekara guda bayan haka aka gurfanar da kamfanin Penguin saboda buga Lady Chatterley's Lover na D.H. Lawrence. Masu kare kamfanin sun gabatar da shaidu 35, ciki har da malaman jami'a da wani bishop, kuma a ranar 2 ga Nuwamba 1960 aka wanke shi.

Akwai abin da ya faru a wannan shari'a da ya cancanci a tsaya a kansa. Lauyan gwamnati ya tambayi masu taya alƙali yanke hukunci ko wannan littafi ne da za su so matansu ko barorinsu su karanta. Tambayar ta tona abin da ke ƙasa. Shi lauyan ya karanta littafin bai lalace ba, alƙali ma haka. Waɗanda ake jin tsoron su karanta su ne mata da talakawa, musamman da yake Penguin ya sa wa littafin farashi mai arha. A Kano ma haka abin yake. Littattafan James Hadley Chase da na Mills & Boon sun daɗe a hannun 'yan boko, ana sayar da su a bakin titi, ba a tara jama'a an cinna musu wuta ba. Waɗanda aka ƙona su ne na Hausa, masu arha, waɗanda matar aure da ta yi yaƙi da jahilci za ta iya karantawa a ɗakinta, kuma waɗanda mata ne suka rubuta da yawa daga cikinsu.

Idan aka ɗauki ma'aunin shafi ɗaya aka bi adabin Hausa da shi, ɓarnar za ta yi yawa. Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga fassararsa ta Hausa tun 1924 ta hannun Frank Edgar, ya buɗe ne da labarin sarkin da ya kama matarsa da wani bawa. (Asalinsa na Larabci ma bai tsira ba: a 1985 wata kotu a Alƙahira ta ba da umurnin ƙwace wani bugu nasa da ba a tace ba, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo.) A adabin baka kuwa, kowa ya san abin da 'yan gambara ke faɗa a tsakiyar kasuwa. Littattafan fiƙihu da yaro ke karantawa a zaure, daga Ahalari zuwa Risala, suna kiran al'aura da abin da ke fita daga gare ta da sunansu a babin tsarki, ba wanda ya ce batsa ce, domin an san manufar. Wato dai kalma ita kaɗai ba ta zama batsa; sai an duba wurin da aka sa ta da aikin da take yi a cikin zancen.

Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu misali ne mai kyau. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ga Sarkin Noma, wanda ya yi jika da ita. Marubuciyar ba ta ɓoye irin azabar da yarinyar ta sha a ɗakin mijin ba, don haka mai neman shafi zai samu. To amma wanda ya karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe ya san ba sha'awa ake so a tayar masa ba; tausayi ne da fushi. Haka Alhaki Kuykuyo Ne, inda Alhaji Abdu ya auro Delu daga bariki ya kori Rabi da 'ya'yanta. Akwai karuwa a labarin, sai dai jigonsa wa'azi ne tsantsa, har ana iya cewa wa'azin ya yi wa labarin yawa. Wannan ba yana nufin babu littattafan da suka wuce gona da iri ba. Akwai su, waɗanda ke tsayar da labari cak domin a kwatanta abin da ke gudana a kan gado, kuma marubutan kansu sun sha kokawa da su. Matsalar ita ce wutar da aka hura a harabar makaranta ba ta tantance tsakanin waɗannan da waɗancan.

4.3 Hujjar Cutarwa

Dalilin da hukumomi suka fi ambata shi ne cutarwa. An ce littattafan na sa 'yan mata su bijire wa iyaye a kan zaɓin miji, suna jefa su cikin zinace-zinace, suna hana su karatu, suna kuma kashe aure domin amarya na shiga gidan miji da mafarkin mota da gidan bene. Waɗannan duka maganganu ne a kan abin da ke faruwa a zahiri, ba a kan halal da haram ba. Maganar da ta shafi zahiri kuwa ana iya gwada ta, ta tabbata ko ta rushe.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta labari: an kama wata ɗaliba da ciki, da aka buɗe akwatinta sai ga littattafan soyayya. Ba a raina damuwar uwa ko shugabar makarantar da ta ga haka da idonta ba. Sai dai ganin laima a hannun mutane duk ranar da aka yi ruwa ba ya nuna laima ce ke kawo ruwa. Idan kusan kowace ɗaliba a ɗakin kwanan tana da irin waɗannan littattafai, to samun su a akwatin wadda ta yi ciki bai bambanta ta da sauran 'yan uwanta da ba su yi ba. Daɗin daɗawa, ana iya samun abin ya zo a juye, wato yarinyar da hankalinta ya riga ya tafi wajen samari ita ce ke neman littafin. Kafin a ce littafi ne sanadi, sai an kwatanta masu karantawa da marasa karantawa waɗanda shekarunsu da gidajensu da makarantunsu suka yi kama, an kuma tabbatar karatun ne ya riga halin.

Misalin da aka fi yawo da shi ya fito ne daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. A cikinsa Sumayya, 'yar masu hali, ta faɗa rijiya saboda an hana ta Muhammad, talakan da take so, za a ba ta Abdulƙadir mai kuɗi. Masu suka sun ce wannan koya wa 'yan mata kashe kai ne. Abu biyu ne za a lura da su. Na farko, babu batsa a wannan fage ko kaɗan, wanda ke nuna cewa abin da ake tsoro bijirewa ce, an dai lulluɓe ta da sunan batsa. Na biyu, marubucin bai ƙago auren dole ba, bai kuma ƙago yarinyar da ke gudunsa ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tun shekarun 1930 kuma aka yi ta karantar da shi a makarantu, a kan wannan jigo aka gina shi: mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainabu, abin ya ƙare da ɗaukar fansa. Mafi ƙarfi daga wannan shi ne tarihin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954. An haifi Baba a 1877, ba ta taɓa karanta littafin soyayya ba, ta yi aure huɗu, kuma ta ba da labarin tsarance da kwartanci da matan da ke kashe aurensu, a matsayin abubuwan da kowa ya sani a ƙauyukan Zazzau na zamaninta. Ke nan wanda zai ɗora wa littafi alhakin yawan sakin aure sai ya fara bayyana abin da ke kashe aure kafin littafin ya zo.

Wasu ƙasashe sun yi ƙoƙarin auna wannan al'amari da gaske, kuma abin da suka samu yana da amfani ko da ba zai yanke hukunci a kan Kano ba. Ƙasar Denmak ta cire takunkumi daga rubutun batsa a 1967, daga hotuna kuma a 1969. Berl Kutchinsky, masanin laifuka a Jami'ar Kofanhagen, ya bi alƙaluman 'yan sanda na shekarun da suka biyo, bai ga laifukan lalata sun ƙaru ba. Wasu nau'o'insu ma raguwa suka yi. An soki wannan bincike da cewa laifin da aka kai ƙara kawai yake ƙirgawa, kuma idan jama'a suka daina ɗaukar wani abu laifi za su daina kai ƙararsa. Sukar na da tushe. Duk da haka ambaliyar fyaɗen da aka yi hasashe ba ta zo ba. A Amurka, kwamitin da majalisa ta kafa a 1967 ya miƙa rahoto a 1970 cewa bai sami hujjar da ke nuna batsa na haddasa laifi ba. Shugaba Nixon ya yi watsi da rahoton, majalisar dattawa ma ta ƙi shi da ƙuri'a 60 a kan 5. Ƙuri'a dai ba bincike ba ce. A 1986 wani kwamitin, wanda aka kafa a zamanin Shugaba Reagan kuma aka fi sani da sunan Antoni Janar Edwin Meese, ya ce akwai dangantaka tsakanin batsar da ta haɗa da duka ko tilastawa da cin zarafin mata, sai wasu daga cikin masu binciken da aka dogara da aikinsu suka fito suka ce an kai sakamakonsu inda bai kai ba.

Wanda ya fi shafar wannan babi kai tsaye shi ne kwamitin da masanin falsafa Bernard Williams ya shugabanta a Ingila, wanda ya ba da rahoto a 1979. Kwamitin ya ɗauki cutarwa a matsayin sharaɗin hana abu, ya ba da shawarar a haramta hotunan da aka ci zarafin yaro ko aka ji wa wani rauni wajen ɗaukar su, a kuma ɓoye sauran daga idon wanda bai nema ba. Da ya zo kan rubutu zalla sai ya ce kada a hana shi, kada ma a taƙaita shi. Dalilin a fili yake. A hoto akwai mutum mai rai da aka tuɓe a gaban na'ura, wanda abin zai bi shi har kabarinsa, kamar yadda Kano ta gani a 2007. A rubutu kuwa tauraruwar labarin tawada ce da takarda. Haka kuma hoto na faɗo wa ido ko ba a so, shi kuwa littafi sai an ɗauka, an buɗe, an bi shi layi-layi. Duk cutar da rubutu zai yi a kan mai karatu za ta sauka, saboda haka a can ne za a neme ta. Akwai inda wannan bayani ba ya aiki: rubutun da aka yi a kan wani mutum na gaske domin a tozarta shi, da wanda babba ke tura wa yaro domin ya yaudare shi. A waɗannan akwai wanda aka cuta, ana iya nuna shi, kuma dokokin ƙazafi da na kare yara sun riga sun tanadi hukuncinsu.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan bincike-bincike an yi su ne a Turai da Amurka, akasari a kan hotuna da finafinai, kuma a kan manyan maza. Ba za a ɗauko su a ce sun wanke littafin da ke hannun 'yar shekara 14 a Kano ba. Masu kare littattafan ma na da nasu rauni, domin da yawansu sun dogara ne da wasiƙun masu karatu da ke cewa sun koyi zaman aure ko sun iya karatun boko ta dalilin littafin, wanda shi ma labari ne kamar na akwatin ɗaliba. Kuma wanda ya ce littafi na iya gyara hali ba shi da bakin cewa ba ya iya ɓata shi. Bambancin kawai shi ne, marubuci ba ya neman a ɗaure kowa. Nauyin kawo hujja na kan wanda ke riƙe da sanda.

Inda aka bar wannan sharaɗi, hukunci kan rasa abin da za a auna shi da shi. A ƙasar Sin, a 2018, wata kotu a lardin Anhui ta ɗaure wata marubuciya mai laƙabin Tianyi fiye da shekara 10 saboda wani littafin batsa. An lissafa tsawon ɗaurin ne da yawan kofen da ta sayar da kuɗin da ta samu. Mutanen ƙasar da yawa sun yi ta nuni da cewa akwai masu fyaɗe da ba a ɗaure su haka ba.

4.4 Hujjar Haramci

Akwai amsar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma ita ce ainihin abin da ke zuciyar mafi yawan masu goyon bayan hukunci. Za su ce Musulmi ba ya jiran alƙaluman Denmak kafin ya san yaɗa alfasha haramun ne. Laifi ne a kan kansa, ko an ga cutarsa ko ba a gani ba. Wannan magana ce mai tsari, kuma da a kanta hukumomi suka tsaya tun farko da muhawarar ta fi sauƙi. To amma ita ma tana da sharuɗɗanta.

Rubuta batsa ba shi da haddi. Abin da hukuma za ta yi ta'aziri ne, wato horon da aka bar wa shugaba ya ƙaddara gwargwadon maslaha. Idan kuma littafin ba batsa ce a fili ba, ana dai tsoron abin da zai kai mutum gare shi ne, to an shiga babin toshe kafar ɓarna, wanda malaman Malikiyya suka fi kowa riƙo da shi. Al-Ƙarafi, babban malamin mazhabar a Masar wanda ya rasu a 1285, ya kasa wannan babi gida uku a littafinsa Al-Furuƙ. Akwai kafar da kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rijiya a kan hanyar da mutane ke bi. Akwai wadda kowa ya yarda ba a toshewa, kamar hana noman inabi don gudun kada a yi giya da shi. Akwai kuma wadda malamai suka yi saɓani a kanta. Abin da ya raba kashi na farko da na biyu shi ne yawan yadda abin ke kaiwa ga ɓarna. Saboda haka tambayar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga: littafin soyayya rijiya ce a kan hanya, ko gonar inabi? Ba a amsa wannan da zato. Shari'ar da ta nemi shaidu huɗu kafin a tabbatar da zina, ta kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya yi zargin bai kawo su ba, ba ita ce za ta yarda a kira mata marubuta masu lalata 'ya'yan mutane a dunƙule ba tare da an nuna littafi da shafi ba.

Ya kamata kuma a raba ikon uba da na shugabar makaranta daga ikon gwamnati. Uba na da damar hana littafi shiga gidansa ba tare da ya ba kowa dalili ba. Makaranta na da damar karɓe duk abin da ke raba ɗaliba da darasi, ko da littafin tatsuniya ne. Hukuncin gwamnati kuwa ya shafi matar aure 'yar shekara 40, da mai shago a kasuwa, da marubucin da ya zuba jarinsa a maɗaba'a, kuma yana zuwa da ɗan sanda da kotu. Taron 2007 ya ɗauki abin da ya dace da ɗakin kwanan ɗalibai ya mayar da shi manufar jiha.

4.5 Inda Rubutun Ya Koma

Kasuwar bugaggun littattafan Hausa ta ja baya ƙwarai a shekarun da suka biyo. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan hukumar tacewa. Tsadar takarda da shigowar wayar hannu mai intanet sun fi ta tasiri. Sai dai rubutun bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ya koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda ake sakin labari shafi-shafi, mai karatu ta tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ta cikin zauren da ake rabawa. A nan ne aka sami rubutun da babu mai musun batsa ne, wanda ko mafi tsaurin ido cikin marubutan shekarun 1990 ba zai iya kai wa maɗaba'a ba.

Dalilin bai rasa nasaba da yadda tsohuwar kasuwar take. Bugaggen littafi na ɗauke da sunan marubuci, sau da yawa har da hotonsa da adireshin da za a aika masa wasiƙa. Sai ya bi ta hannun mai buga rubutu, da mai maɗaba'a, da dillali, kowannensu na iya cewa wannan shafi ya yi yawa. Marubuciya ta san mijinta da surukanta da maƙwabta za su gani. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama na duba aikin 'ya'yansu kafin ya fita. Duk wannan tacewa ce da kunya ke yi ba tare da doka ba, kuma waɗannan mutane masu suna da shago su ne waɗanda hannun hukuma ya iya kaiwa gare su a 2008. Mai rubutu a WhatsApp laƙabi kawai gare ta da lambar asusu, tana iya kasancewa a Kano ko Maraɗi ko Jidda, kuma labarin na isa wayar ɗaliba da tsakar dare ba tare da ya bi ta akwatin da za a iya buɗewa ba.